Maganin Ƙaya da Idon Mai Wayarin

Fiyus suke ce masa a garejin, don ba ya ɗaukar zafi, abu kaɗan sai ya tsinke. Mai wayarin ne, shi ake kira idan mota ta ƙi tashi, ko fitila ta ɗauke, ko hon ya kama ihu shi kaɗai ba wanda ya taɓa shi. Kuma ya iya aikinsa, ko maƙiyinsa ba zai hana shi wannan ba. Zai kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafu a waje, ya zaro damin wayoyi kamar hanjin kaza, ya bi su ɗaya bayan ɗaya: ja, baƙa, ruwan ƙasa, koriya mai ratsin rawaya. Ido ne jarinsa. Wanda ba ya bambance ja da ruwan ƙasa ba shi da abin yi a wurin nan sai ƙona motar mutane.

To idon ne likita ta yi masa magana a kai. Ciwon suga ya daɗe a jikinsa, har ya saba da ƙwayoyin asibiti irin sabon da ake yi da maƙwabcin da ba a so. Amma a wannan zuwan, bayan ta ɗiga masa magani ta haska cikin idon, sai ta ajiye 'yar fitilarta ta gyara zama.

"Baba, ƙananan jijiyoyin da ke bayan idonka sun fara tsiyaya. Yanzu ba za ka ji komai ba. Amma idan suga ya ci gaba da hawa, ganin zai tafi, kuma ba ni da tabbacin dawo maka da shi. Ƙwaya kaɗai ta daina riƙe ka, zan ƙara maka da allurar insulin."

Allura! Mutumin da ke kama tsirarar waya tana tartsatsi ko gezau, shi ne ke runtse ido yana salati idan matarsa ta nufo cikinsa da 'yar allurar da ba ta kai farce ba. Kullum da safe sai an yi wannan dambarwa. Ta ce, "Baban yara, saki cikin mana, ka ƙanƙame shi kamar ganga." Ya ce, "Ke dai yi abin da za ki yi, hannunki ne ba shi da tausayi." Ta yi dariya, shi kuwa ya fita rai a ɓace, ya je ya sauke haushin a kan masu mota.

Ana cikin haka wani direban tirela ya kawo masa gyaran fitilun baya. Da ya ga Fiyus ya ture kofin shayin da aka miƙo masa saboda an zuba suga, sai ya ce, "Au, kai ma kana cikinmu?" Ya hau kan motarsa ya sauko da wata koriyar roba. A jikinta an zana wani tsiro mai faffaɗan ganye kamar tafin hannu, duk ƙaya.

"Kaktus ake ce masa," in ji direban. "A busasshiyar ƙasa yake fitowa, inda ko akuya ba ta samun na taunawa. Shi aka busar aka niƙa aka ɗura a ƙwanso. Tsiro ne zalla, ba sinadari. Yayana da shi ya rabu da asibiti."

Fiyus bai tambayi ina yayan yake yanzu ba. Ya juya robar, ya shinshina, ya ji warin busasshiyar ciyawa, ya ce a bar masa a bakin kuɗin aikin.

Da farko bai yi wauta ba, a faɗi gaskiya. Haɗawa ya yi: ƙwayar asibiti, allura, sannan maganin ƙaya kafin cin abinci. Murnar sabon magani ta sa har burodin safe ya rage, shinkafar rana ma rabi yake ci ya ture. Yana da 'yar na'urar gwajin suga wadda ake ɗiga wa jinin yatsa, shi mita yake ce mata, kamar mitarsa ta aiki. Sai ga lamba ta sauko. Washegari ta ƙara saukowa. Ya shigo gareji baki har kunne, yana nuna wa duk wanda ya tsaya.

Mai Faci, wanda rumfarsa ke jingine da tasa, abokin tsokanarsa ne tun suna samari. Ya leƙa mitar ya ce, "Ma sha Allah. To amma wa za mu yi wa godiya, likita ko ƙaya?"

Da wasa ya faɗa, ya koma kan tayarsa ya manta. Shi kuwa Fiyus maganar ta tsaya masa a rai kamar ƙashin kifi. Abu uku na shiga jikinsa, lamba ta sauko, kuma bai san wanne ne ke aikin ba. A sana'arsa wannan abin kunya ne. Mai wayarin na ƙwarai ba ya cewa "ta dai tashi" ya rufe bonet. Idan layi biyu na kai wuta wuri ɗaya, kana son sanin mai aikin, cire ɗaya za ka yi ka bar ɗaya, ka ga abin da zai faru. Haka maigidansa ya koya masa da ranƙwashi a ka, haka ya yi wa motoci iya rayuwarsa, kuma bai taɓa jin kunya ba.

Da safe matarsa ta ɗauko allura, ya ce ta mayar.

"In mayar ina?"

"Inda kika ɗauko. Gwaji zan yi. Zan cire na asibiti in bar na ƙaya, in ga ƙarfinsa shi kaɗai."

Ta tsaya da allurar a hannu tana kallonsa. "Baban yara, jikinka ne fa, ba motar haya ba."

"Duk wayarin ne. Ke me kika sani a ciki?"

"Ban san komai ba, amma da kunnena na ji abin da likita ta ce a kan idonka."

"Kwana nawa ne? In ya gaza, ba sai in mayar da wayar ba? Abin da aka cire ai ana jona shi."

Ta roƙe shi, ta yi fushi, ta ce za ta kira babbar 'yarsu a waya ta gaya mata. Nan fa ya tsinke, ya ce duk ranar da ta kai maganar ɗakinsa gidan surukai, to ta san sauran. Ta mayar da allurar cikin firiji, bayan robar ruwa.

Kwanakin farko sun ba shi gaskiya, ko kuma haka ya gani. Lambar ta ɗan ɗaga, amma ba can ba, musamman da yake bayan ya sha ƙwanson ya ci ɗan abin da bai taka kara ya karya ba yake gwadawa. Ya riƙa kai mata mitar har kicin. "Karanta da bakinki." Ta karanta. "To?" Ta ce, "Allah Ya sa haka ta ɗore." Ya ce mata ita dai ba ta iya murna ba.

Ba ta ɗore ba. Yunwa ta dawo da burodi, ta dawo da cikakken faranti, lamba kuma ta kama hawa kamar mai hawan bene, ba sauri ba tsayawa. Ya ce ƙarfin ne bai isa ba, ya ninka ƙwanso. Cikinsa ya kumbura, ya yi ta ƙugi, har Mai Faci ya ce a rufe injin nan haka yana damun kwastomomi. Ƙishirwa ta sa shi gaba, ya sha ruwa ya sha, harshe na nan a bushe kamar tsumma. Hanyar bayan gida kuwa har ta gane takunsa. Bel ɗin wandonsa ya nemi sabuwar huda, ya huda da ƙusa, ya ce ai tumbi ne ke zubewa, alamar lafiya ke nan.

Wata safiya ya ɗiga jini, mitar ta yi ɗan tunaninta, sai ta fito da haruffa biyu maimakon lamba. Ya sake, haka. Matarsa da ke tsaye a kansa ta ce, "Ma'aikaciyar asibiti ta ce in ta nuna haka, a taho da gaggawa. Wai sugan ya wuce abin da za ta iya aunawa."

"Wace ma'aikaciya? Ni za a koya wa mita?" Ya ɗaga na'urar yana jujjuyawa. "Mitata ta aiki, in na ɗora ta a waya ta ba ni haruffa, ma'anarsa wayar ta katse a ciki. Wannan ma wani abu ne ya saki. Miƙo min jakata."

Wallahi da mutum zai iya shiga labari ya riƙe hannun wani, nan ne wurin. Ya baje jarida a kan tebur, ya sa ƙaramin sukundireba ya ɓalle bayanta. Ya canza batir, ya goge bakin da tsinken gwaji ke shiga, ya kankare wani wuri da ya ce ya yi tsatsa, ya ɗiga dalma a inda ya ga kamar ya yi sanyi. Aiki mai tsabta, ba laifi. Da ya mayar ya danna, fuskar mitar ta yi fari fat, ba lamba ba harafi, kuma ba ta sake cewa komai ba har yau.

"Ba na gaya miki ba? Dama ta lalace. Kayan yanzu duk na bogi ne."

Abin haushin ke nan. A mota, in ya cire waya ya ga fitila ta mutu, take yake mayarwa. A nan kuwa abin da zai gaya masa gwajin ya gaza, shi ya kashe shi da hannunsa. Ya ce zai sayi sabuwa, bai saya ba. Ranar komawa asibiti ta zo ta wuce, ya ce ba zai je yarinyar da ya haifi kamarta ta yi masa faɗa ba, sai ya kammala abin da ya fara. Can ƙasan ransa kuwa tsoro ne, tsoron a ce masa ya yi kuskure, da tsoron abin da kuskuren ya riga ya ci. Direban tirela ya sake biyowa, Fiyus ya karɓi roba biyu a hannunsa.

Watanni suka shuɗe a haka. Matarsa ta daina magana, sai dai ta rage masa shinkafa a ɓoye ta cika farantin da ganye, shi kuma ya fita ya cike gurbin da biskit a shagon bakin gareji. Wani lokaci zai ɗago ya kama ta tana kallon idonsa, ta yi sauri ta kau da kai.

Ƙudaje ne suka fara zuwa. Yana aiki sai ya ga baƙin ɗigo na yawo a gabansa, ya kai hannu ya kore, ba komai. Ya ce wa Mai Faci ya daina zubar da ɓawon lemo kusa da rumfa. Mai Faci ya duba sama da ƙasa ya ce, "Wane ƙuda? Ni ban ga ko ɗaya ba." Daga nan sai hazo, kamar gilashin mota da safe. Ya sayi tabarau a bakin titi, ya sayi tocila mai ƙarfi ya riƙa kama ta da haƙori. Ja da ruwan ƙasa suka fara kama da juna, shuɗi da kore suka zama 'yan uwa. Ya koma lalube da ƙwaƙwalwa: a irin wannan motar, ta uku daga hagu ita ce mai wuta. Ya yi ta maza, kuma sau da yawa yana dacewa.

Ranar da bai dace ba, motar Malama ce, wata shugabar makarantar yara da ta daɗe ba ta yarda kowa ya taɓa mata waya sai shi. Gilashin ƙofarta ne ya ƙi sauka, ƙaramin aiki, irin wanda da yake yi yana hira. Tana tsaye a inuwa da jakarta, ya kwanta, ya zaro wayoyin. Biyu suka tsaya masa, ya kusanto da su har suna taɓa hancinsa, duk biyun launin ƙasa-ƙasa. Ya ji kamar ya kira Mai Faci ya duba masa, sai ya tuna Malama na kallo. Ya zaɓi ɗaya ya jona, ya mayar da kan batir.

Ƙauri ya fara ji. Kafin ya mirgino, hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashin dashbod, robar wayoyi na narkewa tana ɗiga a hannunsa. Mai Faci ne ya yi tsalle ya fizge kan batirin, wani ya watsa yashi. Wuta ba ta tashi ba, amma damin wayoyin ya zama dunƙule ɗaya baƙi ƙirin.

Malama ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta dube shi yana zaune a ƙasa yana laluben filayarsa, alhali ga ta nan a gefen gwiwarsa, ta ce a hankali, "Malam, ba ka gani ne?"

Fiyus, wanda ke tsinkewa a kan an taɓa masa salatif ɗin naɗe waya, yau bai tsinke ba. Ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi har wuya.

Mai Faci ne ya rufe rumfarsa ya kai shi asibiti, matarsa ta same su a can da mayafi a karkace. Da aka gwada jinin ba su bar shi ya koma gida ba, aka ba shi gado aka ɗaura ruwa. Bayan sugan ya lafa aka tura shi ɗakin ido. Likitar nan ce dai. Ta daɗe tana haskawa, dama, hagu, ta sake komawa hagu. Ba ta yi faɗan da ya yi ta gudu ba.

Ya zaro koriyar robar daga aljihu ya ɗora a tebur. "Wannan ne. Guba ce ko?"

Ta karanta rubutun jikin robar. "Ba lallai guba ba ce, Baba. Wasu yakan ɗan rage musu hawan suga bayan cin abinci, kaɗan. Da ka kawo min mun duba ko za ka iya haɗawa da naka. Amma ba zai ɗauki abin da allura ke ɗauka ba."

Ya so a ce guba ce. Da guba ce, da ya sami wanda zai tsine wa.

"To yanzu na mayar," ya ce da sauri. "Allurar, ƙwayar, duk na mayar. Ko sau nawa kika ce a rana zan yi. In an mayar ai sai ya dawo, ko?"

Ta ajiye alƙalaminta. "Na hagu jini ya zuba a ciki, kuma fatar da ke ɗaukar gani ta ɗago daga mazauninta, ta daɗe a haka. Ba na so in sa maka rai a kansa. Na dama za mu ƙona jijiyoyin da ke tsiyaya, mu yi ƙoƙarin tsare abin da ya rage. Za ka ga hanya, za ka gane mutum in ya matso."

"Launi fa? Waya?"

Ta girgiza kai. Ya ji matarsa ta ja numfashi a bayansa, irin na mai danne kuka. Bai juya ba.

Ya koma gida. Yanzu da kansa yake ɗage riga da safe, ba salati ba runtse ido, ta soka ta zare ba wanda ya ce uffan. 'Yarsu ta kawo sabuwar mita mai manyan lambobi, uwar ce ke karantawa. Lamba ta yi kyau, kyan da ba ta taɓa yi ba, sai dai ba wanda ya yi murna. Rumfarsa ta gareji an ba wani mai gyaran birki. Mai Faci kan leƙo da yamma ya kawo labarin gareji, ya yi tsokana, ya ga ba ta karɓuwa, ya yi sallama.

Ana tsakiyar zafi fankar silin ta ɗakinsu ta tsaya. A gidan nan, tun da suka tare, ko ƙwan fitila wani bai taɓa canzawa ba sai shi. Ya ce a kawo masa tebur da jakarsa. Ya hau, matarsa na riƙe da ƙafafunsa, ya kwance murfin, wayoyi suka zubo masa a fuska. Ya kama su ya shafa, ya karkata kai ya kawo idon dama, ya ga inuwa uku siri-siri, duk iri ɗaya.

"Wace ce ja a nan?"

"Ta hannun damanka. A'a, tsaya, wannan kamar ruwan goro ce. Baban yara, sauko don Allah."

Ya daɗe a tsaye a kan teburin. Sannan ya tura wayoyin ciki ya sauko, ya ce kwandensa ce ta mutu, 'yar na'urar da ke tayar da fanka, sai ya samo sabuwa. Suka yi kwanaki suna fifita da kwali. Ba ta sake tayar da maganar ba, shi ma haka.

Ranar da aka sa masa komawa ɗakin ido, Mai Faci ya zo ya tafi da shi, ita ta ce tana da wanki. Sun daɗe a layi, sai bayan la'asar ya dawo, ido ɗaya a rufe da auduga. Ya dafa bango ya shiga ɗaki, sai iska ta bugi fuskarsa. Fanka na juyawa a sama, lafiya lau, ko ƙara babu. A ɗakin akwai ɗan ƙaurin dalma da bai gama fita ba, kuma ƙafarsa ta taka guntun robar waya da aka fere aka yar a kan tabarma. Shi bai taɓa barin shara a wurin aiki ba.

Matarsa na bakin ƙofa, yana jin numfashinta.

"Ta tashi," ya ce.

"Eh. Ina shara na ga ta kama juyawa da kanta."

Ya gyaɗa kai. Ya lalubi bakin gado ya zauna a ƙarƙashin iskar, ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa.

"Sukan yi haka wani lokaci," ya ce.